Cikin da Aka Ce Ya Kwanta

Ƙanwata Firdausi ta yi kusan shekara tana renon cikin da babu shi, kuma mutumin da ya fi kowa sanin babu ɗin ya kama bakinsa ya yi gum. Ni ce Rahamatu, yayarta. Ina koyar da 'yan aji uku a wata firamare a Bodinga, kuma tun muna yara a Danchadi an san ni da saurin hawa. Ban musa ba. Amma ku ji abin da aka yi wa yarinyar nan tukuna, sannan ku gaya mini wanda ya kamata ya yi haƙuri.

Firdausi ta auri Maniru, makanikin injin ban-ruwa a garin Shagari. Auren so suka yi, babu wanda ya tura wani. Haihuwarta ta fari ta zo da gardama, sai da aka kai ta Sakkwato aka yi mata aiki aka ciro yaron, aka sa masa suna Abdulaziz. Likita ya ce lallai ta huta kamar shekara biyu ko uku kafin ta sake ɗaukar wani cikin, saboda ɗinkin. A lokacin kam Maniru ya yi abin a yaba. Shi da kansa yake goya ta a babur duk bayan wata uku ya kai ta asibitin garin a yi mata allurar hutu. Ya kafe babur ɗin a gindin darbejiya ya jira ta, a hanyar dawowa ya tsaya ya saya mata tsire. Sharaɗi ɗaya ya gindaya mata, kada mahaifiyarsa ta ji. Inna Zainabu ke nan, tana zaune a Horo Birni, kuma Maniru ne kaɗai ɗanta namiji da ya rayu. Ba ta da zancen da ya wuce jikoki.

Abdulaziz ya fara gudu yana kiran kowa da suna, sai zazzaɓin damina ya ɗauke shi. Ba zan daɗe a kan wannan ba, don har yau ina ganin ƙananan takalmansa a bakin ƙofa.

Bayan an share makoki, lokacin allura ya zo, Firdausi ta ƙi zuwa. Ta ce da ni, "Yaya, ɗakin ya yi mani girma. Ina son in sake jin kukan yaro cikinai." Maniru ma haka yake so. Hussaina, malamar asibitin da ke yi mata allurar, ta riga ta gaya musu su biyun cewa in an daina, jinin wata yakan yi jinkirin dawowa, wata matar 'yan watanni, wata ma har shekara, kuma ba ciwo ba ne. Ta ce su yi zamansu irin na miji da mata, jiki zai dawo daidai da kansa. Magana ce mai sauƙi, ko 'yan ajina za su gane ta.

Sai azumi ya kama. Inna Zainabu ta tattaro kayanta ta zo Shagari ta yi azumin tare da su, wai don ta ɗebe wa surukarta kewa. Kowace mace ta san yadda abin yake, a cikin wata guda sai an sami kwanakin da za ka ga mace ta daina alwala, ta koma kicin tana ɗan kurɓar ruwa a ɓoye. Tsofaffi ba sa tambaya, ido kawai suke sawa. Inna ta sa ido tun daga ganin wata har zuwa ganin wata, ba ta ga Firdausi ta sha azumi ko ɗaya ba, ba ta ga salla ta wuce ta ba.

Ranar Salla na je musu da tuwo da miyar taushe. Muna zaune a tsakar gida, Maniru ya dawo daga idi da sabuwar shadda, sai Inna ta dafa gwiwata tana murmushi.

"Rahamatu, ke ba ki lura da ƙanwarki ba?"

Na ce, "Mi yas same ta, Inna?"

"Alheri yas same ta. Azumi cur tay yi, ko guda ba ta sha ba. Ni da idona nig gani. Allah ya maido muna da abin da yak karɓa."

Ta ɗaga kai ta rangaɗa guɗa, maƙwabta suka leƙo ta katanga. Na dubi Firdausi, ta sunkuyar da kai. Na dubi Maniru, wanda ya san dalilin azumin nan kamar yadda ya san cikin injin, sai na ga yana ta faman gyara karin hularsa. Kalma biyu zai faɗa a ranar a wuce wurin. Bai faɗa ba. Kafin la'asar rabin unguwa sun shigo yi wa Firdausi barka.

Da na ja ta ɗaki ina yi mata faɗa, ta ce, "Yaya, shi yac ce kar in hwaɗi. Ya ce in bari, shi za shi san yadda za shi yi mata bayani."

Watanni suka shuɗe, bayani bai zo ba, ciki kuma bai fito ba. Ni a zatona nan maganar za ta mutu da kanta, domin ciki ba ya ɓuya. Ashe ban san Inna ba. Ta sake zuwa Shagari, ta sa Firdausi ta kwanta, ta lallatsa mata mara, ta miƙe ta yanke hukunci. Cikin yana nan, kwantawa ya yi. Ta ce razanar rasuwar Abdulaziz ce ta sa ɗan ya naɗe a gefe ya yi barci, kuma ita ta san irinsa, gwaggonta ta goyi nata shekara huɗu kafin ya tashi. Duk wanda ya girma a ƙauyukanmu ya taɓa jin labarin kwantaccen ciki, saboda haka babu wanda ya yi dariya. Matan unguwa suka gyaɗa kai, kowace ta kawo labarin wata da ta sani.

Maganin Inna shi ne ya fi ci mini rai. Ta ce ba a tada irin wannan cikin a cikin hayaniyar gari, sai ta tafi da Firdausi Horo Birni ta rene ta a ɗakinta. Ba hawa babur, kada girgiza ta zubar da shi. Ba zuwa asibiti, domin hasken na'urarsu yana firgita ɗan ya ƙara lafewa. Babban abin kuma, mijinta kada ya kusance ta har sai cikin ya motsa. Wato macen da abin da take nema ba ya samuwa sai da miji, ita aka ɗauke daga ɗakin miji don a taimake ta ta haihu. Kuma Maniru da kansa ya ɗauko shatar mota ya loda mata akwati.

Ba zan yi wa Inna ƙarya ba, ta riƙe Firdausi riƙon 'ya. Ta sayar da akuyarta ta saya mata hanta da ƙashin miya, ta hana ta ko ɗaukar tulu, kullum da safe ga kunun kanwa ga jiƙon saiwoyi mai ɗacin tsiya. Maniru yakan zo ran Juma'a bayan masallaci, ya zauna a zaure kamar baƙo, Firdausi ta kawo masa fura, Inna na zaune a bakin ƙofa tana tsinkar zogale. Ya sha, ya yi godiya, ya hau babur ya koma ɗakin da babu kowa.

Na je ganinta bayan an gama girbin gero. Na same ta a kan tabarma ta yi ƙiba ta yi haske, tana ɗinka wata 'yar riga da zare da allura. Na jira Inna ta fita wurin awaki, sannan na fizge rigar.

"Wagga ta wa ta?"

Ta miƙo hannu za ta karɓi abinta.

"Firdausi, da ke nika magana. Ke ma kin shiga cikin wasan?"

Ta ɗora hannu a kan mararta, ta ce a hankali, "Yaya, in kuma gaskiya ta hwa? Shekaranjiya na ji wani abu ya motsa."

"Kanwa ta ka motsi cikin hanjinki!"

Da na ga idonta ya kawo ruwa sai na yi da-na-sanin tsawar. Yarinyar da ta binne ɗanta, aka zo aka ce mata ga wani nan a jikinki yana barci, kullum ana shafa mata ciki ana yi masa addu'a, yaya za a yi ba za ta fara saurarensa ba? Na mayar mata da rigar. Haushina ya tashi daga kanta ya koma inda ya dace.

Washegari ban je makaranta ba, na wuce Shagari. Na sami Maniru a rumfarsa, manoman albasa sun kewaye shi da injinansu, domin lokacin shiga fadama ya yi. Na tsaya a gefe har ya ga ba ni da niyyar tafiya, ya goge hannu ya zo.

"Yaya Rahamatu, lahiya?"

"Lahiyar ke nan. Yaushe za ka gaya ma Inna?"

Ya waiga ya ga ko wani na ji. "Yaya, ki rage murya."

"Ba ni ragewa. Kai kak kai ta allurar ga da ƙahwarka. Kai kaj ji abin da malamar asibiti tac ce. Matarka tana can tana ɗunka ma iska riga, kai kana nan kana kwance injin."

"Ba ki san Inna ba," in ji shi. "In taj ji ni na sa anka tsaida haihuwa, cewa za ta yi mun ƙi kyautar Allah, shi yas sa Ya karɓe yaron. Ƙaƙa za ni yi in ji wagga magana daga bakin uwata? Ki bari dai, in jinin ya dawo ai magana ta ƙare."

"In ya dawo tana Horo Birni kai kana Shagari, ta waya za a yi cikin?"

Ya ce in ji tsoron Allah, mutane na kallo. Na ce su kalla. Ya koma wurin injinansa, ya bar ni tsaye ina huci.

Da na ga babu abin da zai fito daga wurinsa, sai na yi dabara. Mahaifiyarmu tana fama da ciwon gwiwa a Danchadi, wannan gaskiya ne. Na je na gaya wa Inna tsohuwa tana son ganin 'yarta. Ta yi ta jan magana, a ƙarshe ta yarda, da sharaɗin mu shiga mota. Muka fito bakin hanya, mota ba ta zo ba, na tsayar da 'yan kabu-kabu biyu, muka nufi asibitin Shagari.

Hussaina ta gane ta nan take. Aka gwada fitsari, aka shafa mata mai a ciki aka ɗora na'ura, Firdausi ta ƙura wa allon ido kamar mai neman wani a cikin taron biki. Hussaina ta daɗe tana dubawa, sannan ta goge mata cikin ta ce, "Mahaihwarki lahiya lau take, ɗunkin ma ya warke sarai. Amma ba kowa ciki, ƙanwata. Allurar ta ba ta gama sakin ki ba, kuma ta kusa. Ina maigidan?"

"Shina nan cikin gari."

"Ke kina ina?"

"Horo Birni, wurin uwatai."

"Tun yaushe?"

Da Firdausi ta gaya mata, Hussaina ta dube ni, ta dube ta, ta riƙe haɓa. "To da wa za ki yi cikin, da jiƙo? Ki koma ɗakinki. Maganin ke nan, ba ni da wani."

A bakin asibitin, a gindin darbejiyar nan da Maniru yake kafe babur, Firdausi ta durƙusa ta yi kuka irin wanda ta yi ranar da aka fita da Abdulaziz. Na tsaya a kanta ina kare ta da mayafina daga idon mutane. Ɗa biyu ke nan ta rasa, ɗaya na gaske, ɗaya wanda aka ɗora mata.

Da ta share hawaye ta ce mu biya rumfar mijinta. Ta gaya masa komai, ta ce ita daga nan ɗakinta za ta wuce. Sai ya hau lallashi. Ta yi haƙuri ta koma wurin Inna tukuna, kada tsohuwa ta ga an yi mata tsallake, shi zai zo ran Juma'a ya zaunar da ita ya warware mata zance daga farko. Har da rantsuwa. Na ce mata kada ta koma. Ta ce mijinta ne, kuma ya rantse. Ta koma.

Juma'a ta zo, ya sha fura ya tafi. Wata Juma'ar ta zo, ya ce Inna ba ta jin daɗin jikinta, ba ranar magana ba ce. Ana cikin haka sai jinin da aka yi wata da watanni ana jira ya zo.

Ni a Bodinga saƙo ya same ni cewa Firdausi ta yi ɓari. Wata mata da ta gan mu a kan kabu-kabu ta riga ta kai wa Inna rahoto, har da cewa ba Danchadi muka nufa ba. Na yafa mayafi na kama hanya, raina yana tafasa tun daga tasha.

Na tarar da gidan Inna a Horo Birni cike da mata 'yan jaje. An kafa babbar tukunya a kan murhu, ga ganyen darbejiya an tara, za a fara yi wa Firdausi wankan jego na kwana arba'in, wato wani arba'in ɗin ba miji. Maniru yana tsugune a bakin zaure, an kira shi daga wurin aiki, hannunsa duk baƙin mai. Na yi sallama. Inna ta miƙe, idanunta sun kumbura don kuka, kuma kukan gaske ta yi, wannan na shaida.

"Kin zo ki ga aikinki?" in ji ta. "Na ce kar a hau babur, kin ɗora ta. Na ce kar a haska shi, kin kai an haska. Wata nawa ina renon jikana, Rahamatu, kin zubar mani da shi rana guda. Mi niy yi maki?"

Na buɗe baki, kuma Allah ya sani abin da zai fito ba mai daɗi ba ne, sai labulen ɗaki ya motsa. Firdausi ta fito da zani ɗaurin ƙirji, ta zo ta durƙusa a gaban Inna kamar yadda ta saba.

"Inna, ki gahwarce ni, Yaya ba ta zubar da komi ba. Ba ciki na ba. Tun hwarko babu shi."

"Ke yarinya, zahin rashi na. Koma ki kwanta."

"Ba zahin rashi na ba, Inna. Bayan an yi mani aiki likita yac ce in huta, anka riƙa yi mani allura. Ita ta tsaida jinin, shi yas sa ban sha azumi ba. Yau ya dawo, shi ke nan. Ki tambayi ɗanki, shi ka kai ni da kainai."

Duk matan suka juya suka dubi zaure. Inna ma ta juya. Muryarta ta yi ƙasa sosai.

"Kai, gaskiya ta?"

Maniru ya miƙe. Ya dubi uwarsa, ya dubi matan da suka cika gidan, ya goge hannunsa a jikin wando. Matarsa ce kaɗai bai duba ba.

"Ni ban san da wata allura ba, Inna."

Na sha jin ƙarya a rayuwata, ina koyar da yara, kullum sai an yi mini ita. Amma ban taɓa jin irin wannan ba. Firdausi tana durƙushe, ta ɗago kai tana kallonsa, bakinta a ɗan buɗe.

Inna ta juyo kanta. Matar da ta sayar da akuyarta don ta ciyar da ita, yanzu kallon baƙuwa take yi mata. "Ashe haka kike? Ke kaɗai kinka tahi a ɓoye kinka toshe ma ɗana zuri'a? To ai dole. Wanda yaƙ ƙi kyautar Allah, ai sai Ya karɓe wadda Yab ba shi."

Maganar da Maniru ya ce ba zai iya ji daga bakin uwarsa ba ke nan. Ya ji ta kuwa, yana tsaye, ta sauka a kan uwar yaron.

Abin da na faɗa bayan nan ba zan maimaita shi duka ba. Na dai gaya wa Maniru launin babur ɗinsa da bishiyar da yake kafe shi da mai tsiren da yake tsayawa wurinsa, na ce ya musa waɗannan ma. Na gaya wa Inna zazzaɓi ne ya kashe Abdulaziz, kamar yadda ya kashe 'ya'yan matan da ba su taɓa ganin ƙofar asibiti ba, wasunsu suna zaune a gidan nan. Wata tsohuwa ta ce ba ni da kunya. Na ce an bar wa masu ita, ga inda ta kai mu. Maniru dai ya sulale ya koma cikin zaure.

Firdausi ta miƙe. Ta shiga ɗaki ta sa riga, ta ɗauko mayafinta da 'yar jakarta, ta fito ta sake durƙusawa ta ce, "Inna, na gode da riƙo." Ta ratsa ta gefen tukunyar da ke tafasa, ta bi ta cikin zauren, ta wuce mijinta kamar ta wuce turmi. A bakin hanya ita da kanta ta ɗaga hannu ta tsayar da ɗan kabu-kabu.

Mun iso gidana a Bodinga ana kiran la'asar. Na yi alwala na shimfiɗa darduma, ita ta zauna a bakin gado tana kallona. Rabon da salla ta wuce ta tun kafin rasuwar ɗanta. Da na sallame sai ta ce, "Yaya, kin ga abin da nika roƙo kullum ya zo." Ta yi 'yar dariya, dariyar ta juye ta zama kuka, na bar ta ta yi mai isarta.

Bayan kamar mako biyu Maniru ya zo biko. Ya kafe babur ɗin nan a ƙofar gidana, ya aiko a ce yana sallama. Na fita na same shi da leda cike da lemo da tsire, tsire fa, don rashin ta-ido. Ya ce shaiɗan ne, ya ce mutane ne suka yi yawa a ranar. Ya ce Inna ta huce, ta ce ta yafe wa Firdausi, ta dawo ɗakinta a Shagari ba wanda zai sake raba su. Har ya ƙara da cewa ai yanzu ne lokacin, tunda jiki ya dawo daidai, bai kamata a yi ta ɓata watanni ba.

Na shiga na gaya mata, har da maganar yafewar. Tana zaune tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba.

"Ta yahe mani mi?"

Na ce nima abin da na tambaya ke nan.

Ta ture tsakuwa gefen faranti. "Yaya, ina son ɗa. Allah ya sani ba abin da nika so kamar shi, kuma shi nika so shi zam ubanai. Amma ba ni haihwa ma mutumin da bai san hanyar asibiti ba. Ki ce mashi shi tahi Horo Birni, shi tara matan da sunka ji an ce ni nik kashe ɗana, shi gaya musu wa ka kai ni. In ya tuna hanyar, shi zo shi ɗauke ni ko yau."

Na fita na isar da saƙon kalma da kalma, ban ƙara ko gishiri ba, karo na farko a rayuwata. Ya daɗe tsaye yana juya makullin babur a hannu. Ya ce zai duba lokacin da ya dace. Ya ajiye ledar a kan dakali ya tafi.

An cire albasa, an yi zafi, ga hadari ya fara haɗuwa ta gabas. Firdausi tana nan wurina, tana taya ni duba littattafan yara, kuma duk wata jininta yana zuwa a kan kari, lafiya lau, kamar yadda Hussaina ta ce. Duk ranar da ya ɗauke takan yi wanka ta yi kitso ta sa turare, ta zauna inda take jin ƙarar kowane babur da ya shigo layinmu. 'Yar rigar da ta ɗinka tana cikin jakarta, saura hannu ɗaya ba ta gama ba. Maniru yakan aiko da gaisuwa ran Juma'a. Har yau bai tuna hanyar ba.